Fashin baƙi: Wace na'urar share kwamin iyo ce za ta iya da ƙurar Sakkwato?

A watan Disambar da ya wuce yayana ya kira ni gidansa da ke Gawon Nama bayan la'asar, ya ce in zo in ga abin da ya kashe wa kuɗi. Shekara biyu ke nan da ya gina kwamin iyo a bayan gida, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, don iyalinsa su samu inda za su jiƙa jiki cikin sutura idan zafin Afrilu ya kankama. Abin da ya sayo shi ne mutum-mutumin nan da ake saukewa cikin ruwa ya yi ta rarrafe a ƙasa yana tsotse datti. Yara har sun raɗa masa suna Kunkuru. Na tsaya a bakin kwamin ina kallo. Duk inda na'urar ta bi sai tayil ya fito shuɗi tas, amma ta samanta wani abu mai kama da hayaƙi, launin ƙasa, yana fita yana bajewa. Kafin kiran magariba ruwan ya yi duhu kamar an dama yumɓu a ciki. Da gari ya waye ƙurar ta koma ta kwanta inda aka tashe ta.

Dattijon da ke kula musu da gida ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sai da yayana ya tambaye shi. Ya ce, "Alhaji, wanga abu tada ƙura shika yi, ba kwasa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na'urar lafiyarta ƙalau. Da muka ciro kwandonta muka ɗaga shi sama, sai ga hasken rana na ratsa ragar kamar gidan sauro. An ƙera ta ne don gidajen da dattinsu ganye ne da ƙwari da 'yan tsakuwa, kuma a can tana aikinta yadda ya kamata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi yayana bai san rariya ya saya ba, domin hoton talla ba ya nuna girman ƙofofin raga. Tun ranar nake bibiyar lamarin, kuma abin da na fahimta shi ne mai kwami a Sakkwato na da tambayoyin da mai talla a Amurka ko Turai bai taɓa tunaninsu ba.

Kafin a shiga zaɓi, ya kamata a san na'urorin share kwami iri uku ne. Akwai wadda ake haɗawa da tiyo zuwa bakin da famfon kwamin ke zuƙar ruwa, duk dattin da ta kwasa sai ya wuce tankin yashin da ke tace ruwan kwamin. Akwai wadda ruwan da famfo ke turowa ke tuƙa ta, ta tara datti a jakarta, kuma sau da yawa sai an ƙara mata wani famfon na daban. Waɗannan biyun ba sa motsi sai babban famfo na aiki, shi kuwa famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 750 ko fiye. Ta ukun ita ce mai cin gashin kanta: tana da injin zuƙo ruwa, da injin tuƙa ƙafafu, da buroshi, da mataci, duk a jikinta. Ruwa na shiga ta ƙasa, ya bi ta matacin, ya fita ta sama da ƙarfi, kuma wannan ƙarfin fitar ne ke danne ta a jikin bango idan tana hawa. Masu matsakaicin ƙarfi kan zuƙi abin da ya kai lita 15,000 a awa ɗaya. A garin da kowane gida ke lissafin man janareta da ƙarfin batirin sola, wannan ta ukun ce ta fi dacewa, kuma a kanta zan tsaya.

Maganar mataci ita ce uwa uba, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Ƙurar hunturu da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba yashin bakin gulbin Rima ba ce. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke ɗebo shi, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe ya bar laka mai laushi kamar hoda. Ana auna irin waɗannan ƙwayoyi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne. Idon mutum ba ya rarrabe ƙwaya guda idan ta gaza maikiron 40 ko makamancin haka. Da yawa daga ƙurar da ke rataye a sama ta dusashe rana ba ta wuce maikiron 10 ba. To, kwandon da ke zuwa da yawancin na'urori masu sauƙin kuɗi ƙofofinsa maikiron 180 ne. Duk macen da ta taɓa tatar kamu ta san abin da zai faru idan aka ce ta yi amfani da rariyar tankaɗe a madadin ƙyallen tata.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: maikiron nawa ne matacin, kuma akwai mai laushi da ake sauyawa? Na'urori masu kyau kan zo da mataci biyu. Ɗaya raga ce mai manyan ƙofofi don ganye. Ɗayan farin abu ne mai ninki-ninki kamar matacin iskar mota, wanda ke kama ƙwayoyi daga maikiron 50 zuwa ƙasa, wasu kamfanonin ma na iƙirarin nasu na kama har maikiron 3. Ban cika ɗaukar irin waɗannan alƙaluman talla a matsayin yankan shakku ba, amma bambancin da ke tsakanin raga da mai ninki a fili yake ga duk wanda ya gwada. Idan mai sayarwa ya kasa gaya maka adadin, ko ya ce "ai tana kwashe komai", ka riƙe kuɗinka.

Sai dai mataci mai laushi na da nasa sharaɗin. Yana toshewa da wuri. Da zarar laka ta liƙe a ninkin, zuƙar ruwa ta ragu, sai ka ga na'urar ta kasa hawa bango, ko ta hau rabi ta zamo, ko ta riƙa wucewa ta kan datti ba ta ɗauka. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa inji ya mutu, alhali wanki kawai yake so. A tsakiyar hunturu sai ka ciro ta bayan awa ɗaya, ka fesa wa matacin ruwa da tiyo, ka mayar. Kuma kada a bari lakar ta bushe a jiki, domin a iskar Janairu cikin ɗan lokaci take ƙanƙamewa ta zama kamar yaɓe. Wannan ne ya sa nake ba da shawarar a sayi mataci mai laushi guda biyu tun ranar farko, ɗaya na ciki ɗaya na jira. Girman kwandon ma abin dubawa ne, haka nan ta inda ake ciro shi. Wanda ake buɗewa ta sama ya fi wanda sai an kifar da na'urar an kwance jaka ta ƙasa, domin abin da za a riƙa wankewa kullum, idan ya yi wahalar cirowa, wata rana za a daina wanke shi.

Ragar mai manyan ƙofofi ita ma tana da ranarta. Gidan da ke da dogon yaro ko mangwaro kusa da katanga ya san yadda ganye ke zuba da rani. Hadarin farkon damina kuma, wanda ke fara turo jar guguwa kafin ɗigon ruwa ya sauka, yana jefo leda da kara da busasshiyar ciyawa, washegari kuma ga gina da ƙwarin fitila sun cika saman ruwa. A irin wannan ranar sai a fara kwashe na sama da ragar hannu, a saki na'urar da kwandon ganye, sannan a zagaye na biyu a sa mata mai laushi.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Daga Maris zuwa Mayu ba baƙon abu ba ne ma'auni ya haura digiri 40 a Sakkwato kwana da kwanaki. Idan ka buɗe takardar umarnin irin waɗannan na'urori za ka tarar da yawansu sun ƙayyade zafin ruwan da za su yi aiki a ciki, galibi kada ya wuce digiri 34 ko 35, wurin ajiya kuma ya kasance inuwa. Ruwan da ke kewaye da injin shi ne ke sanyaya shi, don haka idan ruwan kansa ya yi ɗumi sosai injin na wahala. Kwamin da ba shi da zurfi, ba rumfa a kansa, ya wuni a ranar Afrilu, yana iya kusantar wannan iyaka da yamma. Maganin mai sauƙi ne: a sayi ɗan ma'aunin zafin ruwa mai yawo a sama, a kuma mayar da lokacin shara bayan sallar asuba. A lokacin ruwa ya huce, ƙurar da ta wuni tana yawo ta kwanta a ƙasa cikin dare, babu kuma yaron da ke rigimar shiga. Idan ta gama a ciro ta, a ɗauraye da ruwan famfo, a kai ta inuwa. Barin ta a kan siminti tsakar rana na busar da robar ƙafafunta da zoben da ke hana ruwa shiga injin, barin ta kwana da kwanaki a cikin ruwan kulorin ma haka yake ci mata jiki.

Daga nan sai babbar muhawarar da ake yi a ko'ina: mai waya ko mai batir?

Mai waya na zuwa da akwatin wuta da ake ajiyewa a tudu. Shi ke karɓar wutar gida ya rage ta zuwa ƙarama, wajen bolt 24 zuwa 30, ya tura ta cikin doguwar waya mai yawo a saman ruwa. Abin da take ja bai cika wuce wat 200 ba. Idan ka ɗauki wat 180 a zagayen awa biyu, ka ci kashi ɗaya cikin uku na yunit guda da ɗan ɗoriya, kwatankwacin fankar sama biyu zuwa uku. Inbata mai kyau na ɗaukarta ba tare da ta yi kuka ba. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, tsayawa kawai za ta yi a ƙasan ruwa har a sake kunna ta. Abin tsoron shi ne dawowar wuta da ƙarfi, ko janaretan da ke hawa da sauka, domin akwatin nan cike yake da ƙananan kayan lantarki masu saurin ƙonewa. A haɗa shi da sitabilaiza, ko a ba shi layin inbata.

Ga wani tarko da ya kama mutane da dama masu yin oda daga waje ko masu ba ɗan'uwa saƙo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, wadda masu gyaran wutarmu ke kira wan-ten. Wasu akwatunan na karɓar kowacce, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 ko 250 a jikinsu. Wasu kuwa ta Amurka kaɗai suka sani, kana soka su a bango sai ƙauri. Ka sa a ɗauko maka hoton rubutun da ke bayan akwatin kafin ka biya. Samfurin da aka yi don kasuwar Turai ko ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya ya fi dacewa da wutarmu.

A nan dole in tsaya kan maganar rai, domin wuta da ruwa ba sa wasa da juna. Akwatin ya kasance aƙalla mita 3 daga bakin kwami, a inuwa, a inda ruwan sama ba zai kwanta ba. Soket ɗin ya kasance yana da makunnin kariya mai yanke wuta nan take idan ta zurare, mai ƙa'idar miliyamfa 30, kuma ƙwararren mai aikin wuta ne zai sa shi tare da wayar ƙasa ta gaske. Kada a ja ƙarin waya daga ɗaki a shimfiɗa ta kan jiƙaƙƙen tayil. Kuma kamfanonin da kansu sun hana kowa shiga ruwa alhali na'urar na ciki. Yara na son bin Kunkuru suna taɓa shi, ni ma na gani da idona, amma wannan doka ce da maigida zai kafa ba sassauci.

Mai batir kuwa daɗin sha'ani gare ta. Ba waya, ba akwati, ka yi caji ka sauke ta, idan ta gama ta tsaya a gefe ka jawo ta da ƙugiya. Ga wanda wutarsa ba tabbas, yana iya yin caji da rana a kan sola ya yi shara da asuba. Cajin kan ɗauki awa uku zuwa biyar, aikin kuma awa ɗaya da rabi zuwa uku gwargwadon samfuri. Matsalarta a wurinmu batirin ne. Batirin litiyam, irin na wayar hannu, zafi ne babban abokin gabarsa. Duk wanda wayarsa ta taɓa kumbura a aljihu da bazara ya san wannan. Yana rage ƙarfi shekara bayan shekara, a garin zafi kuma ya fi saurin gajiya, ga shi a mafi yawan samfura an rufe shi ruf a cikin jikin na'urar don kada ruwa ya shiga, sauya shi ba aikin kowa ba ne. Kawo sabon batir ta jirgin sama ma akwai ƙa'idoji masu tsauri a kansa. A 2023 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye wani samfurin kamfanin Aiper mai batir daga kasuwa saboda yana iya yin zafi fiye da kima wajen caji. Wannan ba ya nufin duk mai batir haɗari ce, amma ya isa ya sa mutum ya kiyaye: a tsane ramin cajin ya bushe sarai, a yi amfani da cajar da ta zo da ita kaɗai, a yi cajin a inuwa mai iska nesa da ɗakin kwana, kada kuma a bar ta a jone a tafi barci.

Ni dai ra'ayina, ga ginannen kwami mai girman na yayana ko fiye, a gidan da ke da inbata, mai waya ta fi. Ƙarfin zuƙarta ba ya raguwa daga farkon aiki zuwa ƙarshe, kuma wannan ƙarfin ake buƙata don tura ruwa ta cikin mataci mai laushi. Ba ta kuma ɗauke da abin da zafin garinmu zai kashe cikin 'yan shekaru. Mai batir ta dace da ƙaramin kwami, ko inda babu soket mai aminci a kusa.

Idan ka tsaya kan mai waya, auna tsawon da kake buƙata da kanka. Kwami mai mita 8 da 4, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta kusan mita 9 ne. Ƙara mita 3 na nisan akwati, ƙara zurfin ruwa, ka ga an doshi 14. Wayar mita 15 za ta yi, ta 18 ta fi sakewa. A nemi mai mahaɗi mai juyawa a jikin wayar, shi ke hana ta murɗewa ta zama kamar igiyar guga.

Sai bango. Akwai na'urar da ƙasa kawai take sharewa, akwai mai hawa bango, akwai kuma mai kaiwa har layin da ruwa ya tsaya ta goge shi. Mafi yawan kwamin da ake ginawa a gidajenmu tayil ne ko ƙananan tayil masu sheƙi, kuma santsi gare su. Buroshin roba mai yatsu an yi shi ne don siminti da shafe mai kaushi, a kan tayil mai santsi sai ya yi ta zamewa. Wanda ke kama tayil shi ne mai soso, ko wanda aka haɗa roba da zoben soso. Ka gaya wa mai sayarwa irin shafen kwaminka, ka ce ya nuna maka buroshin. Ƙafafu masu bel irin na katafila sun fi taya riƙe bango da gangara.

Shin goge layin ruwa ya cancanci ƙarin kuɗin? A ganina e, idan da hali. A nan ne man shafawa da man kitso ke haɗuwa da ƙura su yi baƙin zobe. Ga kuma farin dabbare da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari. Ƙasar nan tamu akwai farar ƙasa a ƙarƙashinta, ita ce ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko sinadarin da ke daskarewa a bango idan ruwa ya ƙafe. Goga ta kullum na hana shi kamawa tun yana sabo. Wanda ya riga ya daskare kuwa sai hannu da magani. Matakala da ɗan tudun da ake yi wa yara su ma sai hannu, domin yawancin na'urorin ba sa aiki a ruwan da bai kai kusan rabin mita ba, suna zuƙar iska sai su tsaya.

Manhajar waya da rimot da fitilu masu launi ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Siginar intanet ba ta ratsa ruwa da kyau, kuma kwami mai kusurwa huɗu ba ya buƙatar taswira. Idan kuɗin da za a ƙara don su zai sayi mataci biyu da bel, a sayi mataci da bel. Nauyi ya fi su muhimmanci. Na'urar kan kai kilo 6 zuwa 12 a bushe, da ruwa a cikinta kuma ta fi haka a lokacin cirowa. Ka tuna wanda zai riƙa ɗaga ta kullum, ko dattijo ne ko uwargida. Akwai masu zubar da ruwan cikinsu da sauri idan an ɗaga, su za a nema. Da wayar wutarta ake jawo ta zuwa gefe a hankali, amma da mariƙi ake ɗaga ta.

Da na ambaci uwargida, akwai wata fa'ida da masu talla ba su san da ita ba amma mu mun sani. Yawancin masu gina kwami a gida don iyali suka yi shi, a can ciki inda baƙo ba ya shiga. Kiran ma'aikaci daga waje sau uku a mako na nufin a yi ta sallama ana kaucewa. Na'urar da matan gida ko manyan yara za su iya saukewa da kansu ta rage wannan takura ƙwarai, ma'aikacin sai ya zo sau ɗaya don gwajin ruwa da duba famfo.

Yanzu ga inda aka fi yin kuka: gyara. Sunayen da suka daɗe a wannan sana'a sanannu ne. Akwai Dolphin na kamfanin Maytronics da aka kafa a Isra'ila a 1983, akwai Polaris da Zodiac da ke ƙarƙashin Fluidra na Sifen tun haɗewarsu a 2018, akwai Hayward da Pentair, sai sababbin shiga masu batir irin su Aiper da Wybot da Beatbot. Farashin ƙanana da sauƙi, na manya kuwa yana haura dala 1,500. Amma suna kaɗai ba ya gyara inji a Sakkwato. Buroshi na cinyewa, bel na saki, farfela na shaƙewa da gashi da zare, waya na karyewa ta ciki. Yashi kuma yana gaggauta duk wannan. Akwatin injin a rufe yake da zoben roba don kada ruwa ya shiga. Masu gyaran lantarkinmu na da basira, sun tada abubuwan da aka fid da rai da su, amma idan aka buɗe wannan akwati ba tare da sabon zobe da kayan gwajinsa ba, ranar da ya koma ruwa ita ce ranarsa ta ƙarshe.

Yayana daga wani shagon intanet na ƙetare ya sayi tasa. Da ya nemi mataci mai laushi, saƙo uku ya tura ba amsa, daga baya ya gano ba a ma ƙera wa wannan samfurin irinsa ba. Garantin da aka rubuta a kwalin kuma a ƙasar da aka sayar kaɗai yake aiki. Don haka nake ganin gara a saya wurin dillalan kayan kwami na Legas ko Abuja ko da da ɗan tsada, bisa sharaɗin su amsa tambayoyi kafin kuɗi su fita. Suna da mataci da buroshi da bel na wannan samfurin a shago yanzu? Idan injin ya tsaya, wa zai buɗe shi, a wane gari? Garantin shekara nawa ne, kuma za su rubuta shi a rasit da lambar na'urar? Wanda ya yi ta kame-kame a waya kafin ciniki, bayan ciniki ba za ka same shi ba. Ta hannu kuwa, wadda aka kwaso daga waje an riga an yi amfani da ita, kada a karɓa sai an sauke ta cikin ruwa an ga ta yi cikakken zagaye ta hau bango. Kunna ta a tudu ba gwaji ba ne, yana ma iya lalata ta.

Akwai abin da na'urar nan ba ta yi, ko da ta dala dubu biyu ce. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin ke wannan, kuma ana so ya zauna tsakanin 1 da 3 a ma'aunin gwaji, tsamin ruwa kuma, wanda ake rubutawa pH, tsakanin 7.2 da 7.8. Hasken rana na cinye kulorin da sauri, ranar Sakkwato kuwa ba ta da sauƙi, shi ya sa gwaji kullum ya zama dole, zubawa kuma da yamma ya fi. Idan ruwa ya riga ya yi kore da gansakuka, kada a jefa na'urar a ce ta gyara. Sai an fara dukan ruwan da kulorin mai yawa, ita kuma tana waje har ƙarfinsa ya sauka. Haka nan idan aka zuba alimun don ƙura ta dunƙule ta kwanta, wannan lallausar lakar da tiyon hannu ake zuƙe ta a fitar waje, na'ura tarwatsa ta kawai za ta yi. Babban famfo da tankin yashi ma ba su yi ritaya ba, su ke juya ruwa su gauraya magani. Tankin yashi na kama ƙwayoyi daga maikiron 20 zuwa 40. Taimakon da na'urar ke yi masa shi ne ta kwashe datti kafin ya isa gare shi, sai a rage yawan wanke yashin, wanda kowane wanki ɗaruruwan litoci yake zubarwa.

Ruwa kuwa a nan ba abin wasa ba ne. Fuskar kwamin yayana murabba'in mita 32 ce. Duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka, lita 320 ta tafi, kusan jarka 13 ta 'yan ga-ruwa. Wannan ya kawo ni kan murfi. Tampol ko murfin da aka yi don kwami na tare ƙura tun kafin ta taɓa ruwa, yana kuma rage ƙafewa, kuma a hunturu, lokacin da sanyi ya hana kowa shiga, babu dalilin barin kwami a buɗe yana shan ƙura wata uku. Da bazara kuwa murfin leda mai kumfa-kumfa ɗumama ruwa yake yi, rumfar inuwa ta fi shi. Sai dai murfi mai laushi na da haɗari ga ƙaramin yaro, yana iya takawa ya zurma ƙarƙashi ba a gani ba. Duk gidan da ke da kwami da yara, shinge mai ƙofa da kwaɗo ya riga kowace na'ura a jerin sayayya.

Ba kowa ne ma ke buƙatarta ba. Mai ƙaramin kwamin roba da ake hurawa ko ake kafawa a tsakar gida, ragar hannu da sauya ruwa sun ishe shi. Wanda kuma ke da famfo mai kyau da ma'aikaci mai haƙuri, kan tsotsa na hannu da ake turawa da doguwar sanda na kwashe ƙura sosai idan aka bi a hankali, illa dai yana cin lokaci da ruwa.

Yayana bai yar da Kunkuru ba, ya bar shi don ganyen dogon yaro da kwashe tarkacen bayan guguwa. A ƙarshen Janairu aka kawo masa wata daga Abuja, mai waya ta mita 18, da buroshin soso, da mataci mai ninki guda biyu. Na je ranar da aka fara gwada ta bayan asuba, hazo ya rufe gari har ba a ganin hasumiyar masallacin unguwa. Bayan awa ɗaya dattijon ya jawo ta, ya buɗe ta sama, ya zaro matacin da ya shiga fari ya fito jawur. Ya kai shi gindin zogale ya fesa masa tiyo, laka mai kauri kamar kunu ta yi ta gangarowa. Ya sa na biyun ya mayar da ita ruwa, ya juyo ya ce wa yayana a sayo masa ƙaramin buroshi mai laushi, domin akwai lakar da ke maƙalewa can cikin ninkin da ruwan tiyo ba ya fitarwa.